Me ya sa sel ke yanke adireshin furotin bayan ya isa?

Tambaya daga wata ɗaliba a Makka:

Assalamu alaikum Dakta, ina aji biyu a fannin gwaje-gwajen asibiti. An koya mana cewa furotin da za a kai cikin mitokondiriya yana ɗauke da wani ɗan guntu a kansa mai nuna inda za shi, amma yana shiga sai wani enzayim ya datse guntun. Abin ya tsaya min a rai, me ya sa za a sha wahalar ƙera abu sannan a yanke? Da an bar shi me zai faru, kuma kowane furotin ake yi wa haka?

Amsa:

Wa alaikumussalam 'yata, Allah ya yi wa karatu albarka. Wallahi na ji daɗin tambayar nan, don yawancin ɗalibai sunayen enzayim ɗin suke haddacewa su wuce, ba sa tsayawa su ce to don me.

Kin ga mitokondiriya, wato sashen da ke samar wa sel (ƙwayar halittar jiki) makamashi, tana da DNA nata na kanta, amma a jikin mutum furotin 13 kacal yake iya samarwa, sauran sama da dubu duk a waje ake ƙera su cikin ruwan sel sannan a shigo da su. Dole kenan kowanne ya zo da adireshi. Da yawansu adireshin a kai yake, amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) kamar 15 zuwa 50, cike da masu cajin fozitif irin su arjinin, shi ne ƙofar waje mai suna TOM ke ganewa, ta miƙa wa ta ciki TIM23, cajin lantarkin da ke bangon ciki ya jawo kan, furotin ya bi a warware bai naɗe ba. Ki ɗauke shi kamar takardar da ake liƙa wa jakar alhaji a filin jirgin Jidda, in babu ita jaka ba za ta je Kano ba, amma in ta isa gida farkon abin da ake yi cire ta a buɗe kaya. Masanin kimiyya Günter Blobel ne ya kafa wannan bayani na adireshi a shekarun 1970, ya samu kyautar Nobel a kansa a 1999.

Mai yankan a cikin mitokondiriya sunansa MPP. Gida biyu ne haɗe, alfa da beta, alfa na taimakawa wajen riƙe guntun da gane shi, beta kuma shi ke ɗauke da zink ɗin da ake yankan da shi, kuma sau da yawa yana neman arjinin ne da ke gurbi biyu kafin inda zai datse. To da an bar guntun fa? Furotin da yawa ba za su naɗe daidai ba, ko su kasa haɗuwa da 'yan uwansu su yi aiki, shi ya sa in aka cire wa yis wannan enzayim mutuwa yake yi. Shi kansa guntun da aka yanke ma ba a barin sa yana yawo, don gefe ɗaya nasa na son ruwa ɗayan na son mai, irin wannan kuwa yana iya kutsawa bango ya ɓata shi, sai wani enzayim PreP ya bi ya daddatsa shi. Amino asid ɗin kuma ba asara aka yi ba, ana sake amfani da su.

Wani lokaci yanka ɗaya bai isa ba. Bayan MPP ya gama, akwai mai ƙara cire amino asid guda 8, akwai mai cire guda ɗaya tak, saboda amino asid ɗin da ya rage a kan furotin yana da hannu wajen ko zai daɗe ko a rushe shi da wuri.

Amma inda abin ya fi burge ni, kuma nake so ki riƙe shi ko kin manta sauran, shi ne labarin PINK1. Wannan furotin kullum ana ƙera shi, kullum yana shiga mitokondiriya mai lafiya, MPP ya yanke kansa, wani mai suna PARL ya ƙara yanka a bangon ciki, sai ragowar ta koma waje a rushe ta, ya'ani in komai lafiya ba za ki ma same shi da yawa ba. To ranar da mitokondiriya ta lalace cajinta ya faɗi, ba abin da zai ja shi ciki, bai kai ga masu yanka ba, sai ya taru a bangon waje ya kira wani furotin mai suna Parkin, shi kuma ya yi mata alama sel ya cinye ta tun kafin ta cutar da shi. Kin ga ashe da yankan sel ke gane wacce ke da lafiya wacce ta gaza. Mutanen da suka gaji matsala a PINK1 ko Parkin suna kamuwa da cutar Parkinson tun da sauran ƙuruciyarsu.

MPP ɗin ma yana samun matsala. A 2015 an wallafa bincike kan wasu iyalai, yawancinsu 'yan Labanan, masu canji a ƙwayar gado mai suna PMPCA wadda ke samar da alfa, yaran na fama da rashin daidaiton tafiya saboda sashen ƙwaƙwalwa na wajen ƙeya ya taɓu. Irin cutar nan sai yaro ya gada daga uwa da uba duka take bayyana, don haka ta fi fitowa inda auren zumunci ya yi yawa, mu kuwa nan Saudiyya da can gida duk mun san shi, ke da za ki zauna a lab wata rana kada ki ɗauki babin nan na cin jarabawa ne kawai.

Sauran sassan sel kowa da nasa mai yankan. Insulin yana farawa da amino asid 110, ana yanke 24 na kai tun yana shiga endofilazmik retikulum, sashen da ke shirya furotin ɗin da za a fitar daga sel. Kuloroplas, sashen da ke haɗa abinci da hasken rana a ganye irin na dabino, shi ma yana da nasa, har biyu ga furotin da zai zarce can ciki.

Saura tambayarki ta ƙarshe, a'a ba kowa ake yanke wa ba. Yawancin furotin na feroksisom, wani ƙaramin sashe na sel, adireshinsu a wutsiya yake, amino asid 3 ne kawai, kuma ana barin sa. A mitokondiriya ma akwai masu adireshi a tsakiyar jikinsu, su ba a taɓa su. Furotin na nukiliyas, cibiyar sel mai ajiye DNA, su ma ba a yanke musu, dalilinsu kuwa a fili yake, duk sanda sel ɗin mutum zai rabu biyu bangon nukiliyas wargajewa yake, furotin ɗin su watsu cikin ruwan sel, in an sake gina bango dole su koma ciki, to da an yanke musu adireshi tun shigar farko da me za su koma? Mitokondiriya ita ko za ta rabu bangonta na nan a rufe, wanda ya shiga ya shiga kenan.