Amsa Ga Yarona Kan Adaftar Bluetooth Mai Yanke Sauti

Ka rubuto mini cewa ka saka wa kwamfutar tebur ta wani mai shago a Mabera adaftar Bluetooth, kwamfutar ta gane ta, hedifon ma ya haɗu, amma sautin yana sarƙewa yana yankewa ko da mutum yana zaune a gabanta. Kana tambaya ko ka yi wa kwamfutar fomatin ne, wato ka goge komai ka sake saka mata Windows, ko kuwa ka koma kasuwa ka sayo wata adaftar. Da wani ne daga waje ya aiko mini da wannan tambaya, da ban ɓata lokacina ba, domin duk wanda fomatin ya fara zuwa bakinsa kafin ya sunkuya ya leƙa bayan kwamfuta, ɓarna yake koyo da sunan gyara. Amma kai a hannuna kake, mahaifinka ne ya kawo mini kai, kuma tambayar taka ta fama mini wani tsohon miki da har yau bai warke ba.

Ba zan tsaya ina koya maka yadda ake cusa adafta a raminta ko yadda ake neman hedifon a haɗa shi da kwamfuta ba. Duk yaron da ya taɓa tura waƙa daga waya zuwa waya ya san wannan, idan kuwa ba ka sani ba, to shekarun da ka yi kana share mini shago sun tafi a banza.

Abin da nake kyautata zato shi ne ka cusa adaftar a bayan kwamfuta, a cikin rami mai launin shuɗi ko a kusa da shi. Ramin nan shuɗi shi ne USB 3.0, kuma idan yana aiki, musamman in an jona masa filash ko ma'ajiyar bayanai ta waje, yakan fitar da hayaniyar lantarki da ke faɗawa daidai kan zangon 2.4 GHz, wanda a kansa Bluetooth take tafiya. Wannan ba ƙirƙirata ba ce, kamfanin Intel da kansa ya fitar da bayani a kai tun shekarar 2012. Ka kuma san cewa a kan wannan zangon ne Wi-Fi take, haka ma maus da kibod marasa waya. Bluetooth tana kauce wa cunkoson ne ta hanyar tsalle tsakanin tashoshi 79, sau 1,600 a cikin daƙiƙa ɗaya, amma tsallen ba ya amfani idan hayaniyar ta rufe zangon gaba ɗaya, kuma daga maƙwabcin raminta take fitowa. Ƙananan adaftocin da muke sayarwa yawancinsu ƙarfinsu bai wuce miliwat 2.5 ba, wanda aka ƙiyasta zai kai kimanin mita 10 a fili inda babu abin da ya gitta. Kai kuma ka ɗauki abin da eriyarsa ba ta kai farcen ɗan yatsa ba, ka ɓoye shi a bayan akwatin ƙarfe, a ƙarƙashin tebur, jingine da bangon siminti, sannan kana mamakin yankewar sauti. Jikin mutum ma yana tare wannan sigina, saboda ruwan da ke cikinsa.

Maganin ba ya cin kuɗin kirki. Ka mayar da adaftar baƙin rami na USB 2.0 da ke gaban kwamfuta, ko kuma, wanda ya fi, ka samo gajeriyar wayar ƙari ta USB, ka fito da adaftar saman tebur inda za ta riƙa kallon mai hedifon ba tare da shamaki ba. Mafi yawan adaftocin da ake kawo mini da sunan sun lalace, wannan 'yar wayar ce take tashinsu.

To amma tun da ka ambaci komawa kasuwa, dole ka ji abin da ya same ni, domin ka san irin kayan da ke cikin kasuwar da irin mutanen da ke shigowa shago. A shekarar 2015 ne jarrabawar shiga jami'a ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, sai wuraren koyar da kwamfuta suka yi ta ɓullowa a cikin garin Sakkwato, kowa na son ya horar da yara. A wannan lokacin wani dattijo da nake jin nauyinsa ya turo mini wani mutum da ya buɗe irin wannan wuri. Ba zan faɗi sunansa ko unguwarsa ba, Allah ya san shi. Yana da kwamfutocin tebur 12, yana son kowace ta sami hedifon marar waya domin darussan da ke da sauti, saboda a cewarsa yara suna tsinka masa wayoyi. Ya shigo da babbar riga da tattausar murya, yana kirana injiniya, ya ajiye ɗan kafin alƙalami wanda bai kai rabin kuɗin kaya ba, ya ce cikon sai ƙarshen wata idan iyaye sun biya kuɗin makaranta. Saboda darajar dattijon na amince, na cika da kuɗina, na aika wa dilana a kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas ya turo mini adaftoci na ainihi masu aisi (wato ɗan guntun lantarkin da ke cikin adafta mai gudanar da aikinta) na CSR8510, wanda shi ne abin yayi a lokacin.

Aikin nan na yi shi ne a tsakiyar zafin bazara, kuma ka san abin da watan Afrilu yake nufi a garin nan, ga ɗaki babu fanka mai aiki saboda babu wuta, janareta kuwa kwamfutoci kawai yake iya ɗauka. Kowace kwamfuta na saka mata wayar ƙari, na ɗaure adaftar a gefen allo, na haɗa ta da hedifonta, na manna wa hedifon lamba domin kada yara su cakuɗa. Kafin na tafi sai da na kunna duka 12 a lokaci ɗaya, kowane yana jin nasa. Mutumin ya yi ta sa mini albarka, har da rakiya zuwa bakin titi.

Ƙarshen wata ya zo ya wuce, ban ga kuɗi ba. Ranar da ya bayyana, da baƙar leda ya zo a hannu, a daidai lokacin da shagona yake cike da mutane, ya zazzage adaftoci 12 a kan teburina, ya ɗaga murya yana cewa na sayar masa da jabu, wai yaro yakan saka hedifon ya ji darasin da ke kan kwamfutar wani, wasu kuma ba sa haɗuwa sam. Adaftocin duk baƙaƙe ne 'yan ƙanana masu rubutun CSR 4.0 a jiki, ido ba zai bambanta su da nawa ba. Maƙwabta suka taru, aka kira dattijon a waya, shi kuma ya roƙe ni da in rufa asiri in mayar masa da abin da ya bayar, a bar maganar. Na ƙirga kuɗi na ba shi a gaban jama'a, ina ji ina gani, sunana kuma ya fita a layin a matsayin mai sayar da jabu.

Da dare bayan na rufe shago, sai na zauna ina cusa su a kwamfutata ɗaya bayan ɗaya. Ka buɗe kunnenka a nan, domin wannan shi ne ilimin da ba za ka samu a bidiyoyin da kuke kwana kuna kallo ba. Kowace na'urar Bluetooth tana da adireshinta na lambobi da haruffa 12, wanda bai kamata wata na'ura a duniya ta yi tarayya da ita a kansa ba. Idan ka buɗe Device Manager, wato wurin da Windows take jera na'urorin da ke jikin kwamfuta, ka shiga bayanan adaftar, ka duba shafin Advanced, za ka gan shi a rubuce. Na duba ta farko na rubuta adireshinta a bayan rasit, na cire na saka ta biyu, sai ga adireshi iri ɗaya. Ta uku ma haka, har zuwa ta ƙarshe. Masu buga jabu sukan kwafi aisi ɗaya da adireshinsa su zuba a cikin dubban adaftoci, shi ya sa idan aka tara su a ɗaki ɗaya hedifon ba ya iya sanin wace kwamfuta ce tasa. Nawa kuwa na san kowace da adireshinta daban, domin da idona na gani ranar da na haɗa su, kuma da ba haka ba ne da ba su yi aiki tare a gabansa ba. Dilana na Legas da na kira ya ce waɗannan ba kayansa ba ne, ba zai karɓa ba, kuma gaskiyarsa ce.

Sai daga baya yaron da ke kula masa da wurin ya kawo mini gyaran wayarsa, ya kwance wa maigidansa zani a kasuwa ba tare da ya sani ba. Ashe tun kafin mutumin ya zo wurina ya riga ya sayo na araha da kansa, suka ƙi yi masa aiki, ya zuba su a durowa. Da na saka masa na ainihi, sai ya kwaso waɗancan ya kawo mini. Na bi ta ƙofar wurin da kaina, na leƙa ta taga, na ga yara a jere sanye da hedifon, lambobin da na manna da hannuna suna nan, adaftocina suna ƙyafta shuɗiyar fitila a gefen allo. Ya sami kaya kyauta, ya sami aikin kyauta, ya karɓi kafin alƙalaminsa, ya bar ni da shara da zubewar mutunci. Dattijon ya ce in bar wa Allah, na kuma bar masa, amma ban yafe ba, kuma ledar tana nan a ƙasan kanta ta hagu idan kana son ka gani.

Daga ranar ne na kafa dokar da kake gani kana ɗauka tsufa ne ko son wahalar da kai: duk adaftar da za ta fita daga shagon nan, sai an rubuta adireshinta a kan rasit, mai saye ya sa hannu. Ku yaran yanzu rubutun layi ɗaya yana yi muku nauyi, amma kuna iya shafe awa guda kuna latsa waya alhali mai kaya yana tsaye.

A wannan shafin na Advanced akwai wani abu kuma da ake rubutawa LMP da lamba a gabansa, shi ne yake nuna ainihin zubin Bluetooth ɗin. LMP 6 yana nufin 4.0, wanda ya fito a 2010, LMP 9 kuma shi ne 5.0 na shekarar 2016. Idan kwali ya ce 5.0 amma kwamfuta ta nuna 6, an yi maka ƙarya. Idan ta nuna 9 ma kada ka saki jiki gaba ɗaya, domin jabu yana iya faɗin abin da ba shi ba ne. Duk kwalin da ka ga an haɗa sunan CSR8510 da 5.0, ajiye shi, domin wannan aisin na 4.0 ne, kamfanin CSR na Ingila ma Qualcomm ta saye shi tun 2015. Na 5.0 da na fi yarda da su a yanzu su ne masu aisin Realtek, irin UB500 na TP-Link, su ma ka tabbatar daga hannun da ka sani suka fito. Araha ba ta ado.

Akwai wasu abubuwa da za ka duba idan ka matsar da adaftar amma matsalar ba ta kau ba. Windows ba ta aiki da Bluetooth biyu a lokaci ɗaya, saboda haka idan kwamfutar tana da nata na ciki, ko da ya mutu rabi da rabi, sai ka kashe shi a Device Manager kafin ta waje ta zauna daidai. Wannan ya fi faruwa a laftof, amma wasu kwamfutocin tebur na gwanjo ma suna zuwa da shi. Sannan Windows takan kashe adafta da kanta domin tattalin wuta, sai ka shiga shafin Power Management ka cire alamar da ta ba ta wannan izini. Idan kuma Windows 7 ce a kan kwamfutar, kamar yadda har yanzu ake samu a shaguna da yawa duk da cewa Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020, sai ka saka direban da kamfanin adaftar ya bayar, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da ita, kuma ka gaya wa mai ita tun wuri cewa wasu sababbin maus da kibod masu tattalin batir ba za su haɗu da ita ba, domin daga Windows 8 ne aka fara tallafa musu.

Wani abin da ke jawo mana zagi ba da laifinmu ba shi ne mutum ya ce yana jin karatu ko wa'azi garau, amma da zarar ya shiga kiran Zoom ko WhatsApp sai sautin ya koma kamar na tsohuwar rediyo. Wannan ba lalacewa ba ce. Hedifon yana da yanayi biyu, ɗaya na saurare zalla mai sauti mai kyau, ɗaya kuma na magana, wanda ke rage ingancin sauti domin ya bar wa makirufo hanya. Sabuwar adafta ba za ta sauya wannan ba, don haka kada ka karɓi kuɗin mutum a kansa. Haka nan kada ka rikita adaftar Bluetooth da 'yar abar da ke zuwa a cikin kwalin maus marar waya, wadda da maus ɗinta kaɗai take magana, ko da wadda ake sakawa a rediyon mota, wadda wuta kawai take sha daga ramin USB. Na ga wanda ya kai shekarunka yana neman direban irin wannan har la'asar.

Gobe da safe ka biyo ta shago ka ɗauki wayar ƙari guda ɗaya a cikin kwalin da ke bayan ƙofa, ka tafi Mabera, ka fito da adaftar saman tebur, ka cire duk abin da ke cikin shuɗin rami, sannan ka gwada. Ka rubuto mini adireshin da lambar LMP a takarda, ba hoto a waya ba. Kuɗin wayar ƙarin a kan mai shagon yake, ka karɓa kafin ka baro wurin, kuma kada ka taɓa masa Windows.