Tambaya da Amsa: Makarantar yarana a Kalifoniya sai kiran taron kasafi take, in je ko in yi zamana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah ina da tambaya, ni ƴar Zariya ce aure ya kawo ni jihar Kalifoniya a Amurka, yarana uku, biyu suna firamare babban yana aji bakwai. To kwanan nan sai saƙo ake ta turo min a waya da imel wai a zo taron iyaye kan wani abu LCAP, wai za a tattauna yadda za a kashe kuɗin makarantu da matakin da ake so yara su kai a karatu. Ni dai a gida abin da na sani in an kira taron PTA to kuɗi za a ce a kawo, ko na gyaran rufi ko na benci, shi ya sa na share. Maigidan kuma ya ce ɓata lokaci ne sun riga sun gama ƙulla abinsu, so kawai suke a ga an tara mutane. Ga shi turancina bai nuna ba ina jin kunyar in miƙe gaban turawa ina in-ina. Amma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne autata har yanzu karatu bai zauna mata ba, an sa ta a jerin masu koyon turanci kuma ban ga wani taimako na daban da ake mata ba. Zuwa taron nan zai canza wani abu kuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, lafiya lau alhamdulillah. Ki je. Kuma ki kwantar da hankalinki ba wanda zai miƙo miki kwano ya ce ki saka dala, wannan taron kan kuɗin da aka riga aka karɓo ne da sunan yaranki, musamman ma ita autar.

Bari in warware miki yadda abin yake. Makarantun gwamnati a Kalifoniya suna ƙarƙashin gundumomin makarantu ne, kusan 1000 a faɗin jihar, kowace da zaɓaɓɓun wakilanta da ke zama su amince da kasafi, da kuma shugaba da suke ɗauka aiki ya tafiyar da harkokin yau da kullum. Da can kuɗin da jiha ke turo musu a ɗaɗɗaure yake zuwa, wannan na kaza ne wancan na kaza ba halin a taɓa. A 2013 gwamna Jerry Brown ya sa hannu a sabon tsari mai suna LCFF, aka kwance yawancin ƙullin aka koma lissafi da kan yaro. Kowane ɗalibi yana da kuɗinsa na tushe gwargwadon ajinsa. In yaron mai koyon turanci ne, ko iyayensa masu ƙaramin ƙarfi ne, ko yana hannun riƙon hukuma, sai a ɗora kashi 20 cikin 100 a kan wancan. In kuma irin waɗannan yaran sun wuce kashi 55 na ɗaliban gundumar, to waɗanda suka haura wannan layin ana ƙara musu wani kaso mai tsoka, da kashi 50 ne, a 2021 aka ɗaga shi zuwa 65. Kin ga ke nan tun ranar da aka rubuta autarki a jerin masu koyon turanci akwai ƙarin kuɗi da ke shigowa saboda ita, kuma doka ta ce dole gunduma ta nuna yadda ta ƙara ko ta inganta hidimar da take wa irin waɗannan yaran daidai da ƙarin da ta karɓa.

To shi LCAP ɗin da ake ta damunki da shi a waya, shi ne takardar da gunduma ke rubuta wannan bayanin. Tsari ne na shekara uku ana sabunta shi duk shekara, a ciki za su ce ga burinmu, ga abin da za mu yi, ga nawa zai ci, ga ma'aunin da za a gane ko an yi. Jiha ta ba su fannoni takwas da dole su taɓo, cikinsu har da sakamakon karatu, da zuwan yara makaranta, da lafiyar gine-gine da littattafai, da shi kansa shigar iyaye cikin shawara. Ba su da ikon amincewa da shi sai sun tuntuɓi iyaye, sun yi zaman jin ra'ayin jama'a a fili, sannan a wani zaman daban su kaɗa ƙuri'a, kuma kada a wuce 1 ga Yuli.

Yanzu maganar maigida. Ki gaishe shi ki ce masa rabin maganarsa gaskiya ce. Kusan kashi 80 ko fiye na kasafin gunduma albashi ne da fansho da inshorar lafiyar ma'aikata, an riga an sa hannu da ƙungiyar malamai, babu uwar da za ta miƙe a taro ta motsa wannan. Kuma wanda ya bari sai zaman watan Yuni sannan ya je, ya iske an gama dahuwa ana kwashewa ne, za a ba shi minti biyu ko uku ya yi magana a ce an gode. Ba kuma zargi ne kawai ba cewa kuɗin yaran masu buƙata yakan sulale wani wajen, a 2019 ofishin mai binciken kuɗi na jihar ya duba gundumomi uku, Oakland da San Diego da Clovis, ya nuna cewa ƙarin kuɗin da ba a kashe ba a shekara, in ya tsallaka shekara ta gaba sai ya narke cikin kuɗin kowa da kowa, sai a 2021 aka toshe wannan ƙofar.

Inda na rabu da shi shi ne cewa ba abin da zuwan ke yi. A Los Angeles, gunduma ta biyu mafi girma a duk Amurka, ƙungiyar ƴan unguwa mai suna Community Coalition tare da lauyoyin kare haƙƙi sun kai ƙara a 2015 cewa gundumar na lissafa kusan dala miliyan 450 na wani fanni daban a matsayin hidimar yaran masu buƙata. A 2017 aka sasanta, aka ware kimanin dala miliyan 150 ga makarantu 50 da suka fi galabaita. Mutanen nan ba wani sihiri suka yi ba, takardar suka karanta suka ga lissafi bai hau ba.

Ke ba sai kin kai kotu ba. Abin da nake so ki yi, ki bar babban taron can tukuna ki fara da ƙarami wanda ke makarantar autarki. Duk makarantar da ke da masu koyon turanci 21 ko fiye dole ta kafa kwamitin iyayensu, ana ce masa ELAC, a matakin gunduma kuma akwai DELAC. Ki je ofis ki tambayi ranar zamansu. Wallahi yawancin waɗanda za ki tarar a can mata ne irinki, masu Sifaniyanci da ƴan Afganistan da Larabawa da ƴan Biyetnam, kowa da karyayyen turancinta, ba mai lokacin yi wa wata dariya. Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, in kwamitin iyaye na gunduma ya ba da ra'ayi kan daftarin LCAP, doka ta tilasta wa shugaban gunduma ya amsa a rubuce. Ba dole ya yarda ba amma dole ya amsa, kuma amsar da ke rubuce ana iya ɗaukota baɗi a ce ranka ya daɗe ga abin da ka ce bara.

Lokaci ma ki lura da shi. Kafin ƙarshen Fabrairu gunduma na gabatar da rahoton tsakiyar shekara, nawa aka ce za a kashe nawa aka kashe zuwa yanzu, daga nan zuwa Afrilu ko Mayu ne ake rubuta sabon daftari, nan ne magana ke shiga. Ki nemi ƴar takardar da ke gaban LCAP ɗin wadda aka yi don iyaye, shafi kaɗan ce da zane, ita ta fi sauƙi, don ainihin kundin kan wuce shafi 100 kuma ko baturen ma hamma yake in ya buɗe. Sannan ki sa babban ɗanki ya buɗe miki shafin California School Dashboard a intanet, a sa sunan makarantar, za ki ga launuka biyar, shuɗi ne sama ja ne ƙasa, akwai layi na daban na ci gaban masu koyon turanci. In kika ga ja ko ruwan lemo to kin samu tambayarki.

Kada ki je ki ce a inganta ilimi, kowa zai gyaɗa kai a tashi. Ki ce malamai nawa ne aka ɗauka don masu koyon turanci a makarantarmu, minti nawa ake ware wa yaran a rana, yara nawa aka fitar daga jerin bara kuma nawa kuke so ku fitar bana, kuɗin darasin bayan tashi da kuka rubuta an kashe shi ko yana nan. In kun haɗu ku biyar ko shida daga masallaci ko unguwa kuka maimaita buƙata ɗaya tak, ya fi mutum ɗaya ya zo da goma.

Batun turanci kuwa, kina da haƙƙin neman tafinta kyauta, ki faɗa musu da wuri don samun mai Hausa ba kamar na Sifaniyanci ba ne, wani lokaci ta waya za a haɗa ku. A zaman wakilan gunduma kuma wanda ya yi magana ta bakin tafinta dokar jihar ta ce a ninka masa lokaci. Ko ki rubuta abin da za ki faɗa a takarda ki karanta abinki, ba jarabawa ba ce.

Amma dan Allah kada ki jira kasafin baɗi kan matsalar autarki. Satin nan ki nemi ganin malamarta, ki ce a nuna miki sakamakonta na jarabawar turanci ta ELPAC, ki tambayi wane lokaci ne a rana ake zama da ita kan turancin, don wannan lokacin haƙƙinta ne ba alfarma ba.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Ni direba ne a nan Kalifoniya ina aikin dare, takarduna ba su gama fitowa ba shi ya sa ba na son shiga duk wani taro da ya shafi hukuma. Sannan makaranta ta turo fom na bayyana kuɗin da gidanmu ke samu, ni kuma na ga abinci kyauta ne ga kowa to na me zan faɗa musu samuna? Kuma ina so iyali su je gida wata biyu ana cikin zangon karatu, akwai matsala?

AMSA: Barka kadai Malam, Allah ya tsare hanya. Tambaya uku ka cusa a ɗaya amma ba komai.

Ta farko, dokar tarukan hukuma ta Kalifoniya, wadda ake kira Brown Act tun 1953, ta ce a manna ajandar zama awa 72 kafin a zauna, kowa na iya shiga, kuma ba a tilasta wa mutum rubuta sunansa kafin a bar shi ya zauna. Yaranka ma kotun ƙolin Amurka ta yanke tun 1982 cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda takardun zama. Zuwa taro daban, zaɓe daban, kada wani ya ruɗe ka ka cika rajistar zaɓe alhali ba ka zama ɗan ƙasa ba, wannan kan ɓata wa mutum takardu gaba ɗaya. In hankalinka bai kwanta ba ka tambayi lauyan da ke riƙe da fayil ɗinka, kuma da yawa daga zaman nan ana nuna su kai tsaye a intanet, kana mota kana jiran fasinja ma za ka saurara.

Fom ɗin nan kuwa ka cika shi. Gaskiya ne tun shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023 jihar ke ba kowane ɗalibin makarantar gwamnati karin kumallo da abincin rana kyauta, shi ya sa iyaye da yawa suka daina kula fom ɗin, amma da shi ake ƙirga yaran masu ƙaramin ƙarfi, ƙirgar nan kuma ita ke jawo ƙarin kashi 20 da na yi wa ƴar'uwarmu bayani a sama. In samunka ya sa ka cikin masu ƙaramin ƙarfi kuma ba ka cika ba, makarantar ɗanka ka rage wa kuɗi.

Tafiya gida ita ce mai ɗan nauyi. Kalifoniya na biyan gundumomi ne bisa yawan yaran da suka halarci aji a kullum, ba waɗanda ke rajista kawai ba, duk ranar da yaro bai zo ba ko da uzuri an yi asarar kuɗin ranar. Shekarar karatu kwana 180 ce, wanda ya rasa kashi 10 cikin 100, wato kwana 18, ya shiga jerin masu yawan fashi, wata biyu kuwa ya ninka wannan har da ɗori, wata makarantar ma tana iya cire yaro daga rajista ku dawo ku tarar an ba wani gurbinsa. In da hali a ɗaga tafiyar zuwa dogon hutu na Yuni zuwa Agusta, na san tikiti ya fi tsada a lokacin. In kuma dole ce, rasuwa ko rashin lafiyar mahaifi, to uwargida ta je ofis tun kafin a sayi tikiti ta tambaya ko suna da tsarin karatu daga nesa na ɗan lokaci, ana sa hannu a yarjejeniya a ba yara aikin da za su tafi da shi, in sun dawo da shi a kammale sai a lissafa musu kwanakin. Adadin kwanakin da ake yarda da shi ya danganta da gundumarku, ku tambaya a rubuta muku.