Tambaya da Amsa: Shin marufin kunne mai batir zai kare maharbi daga kurumta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni maharbi ne, kuma gadon gidanmu ne, domin tun ina ɗan shekara 14 nake bin mahaifina dawa ina riƙe masa jakar albarushi. Yanzu Baba ya haura shekara 70, kunnensa na hagu kuwa ya kusa mutuwa gaba ɗaya, sai an zagayo ta damansa an ɗaga murya kafin ya ji. Ni ma a 'yan shekarun nan na lura idan na yi harbi kunnena yakan ɗauki wani siririn kuka kamar na gyare, wani lokaci ya kwana biyu bai daina ba. Ƙanena da ke aiki a Legas ya nuna mini hoton wani marufin kunne mai batir, ya ce maharban Turai da Amurka suna sawa, wai yana ƙara wa mutum jin motsin daji amma yana tare ƙarar bindiga. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ta yaya abu ɗaya zai ƙara ji kuma ya rage ji? Mu a sana'armu wanda ya toshe kunnensa ya toshe hanyar abincinsa, tun da ba zai ji tashin fakara ba, balle kiran abokin tafiya. Gaskiya ne ko dabarar 'yan kasuwa ce? Daga wani maharbi, ƙasar Ningi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Ƙanenka bai faɗi ƙarya ba, na'urar tana nan kuma tana aiki, sai dai yadda take aikin ya bambanta da yadda yawancin masu sayenta suke zato, kuma a wannan bambancin ne mutane suke cutuwa. Amma bari mu fara da kunnen Baba, domin wasiƙarka ta ƙunshi wata alama da likitocin kunne suka daɗe da sani.

Ba ka faɗa mini ba, amma ina kyautata zaton Baba da dama yake harbi. Mai harbi da dama yana dafa gindin bindiga a kafaɗarsa ta dama, ya kwantar da kuncinsa a kai, ta haka kunnen dama yakan ɓuya tsakanin kafaɗa da kai, na hagu kuwa shi ne yake fuskantar bakin bindiga, ya kwashi ƙarar da zafinta. Shi ya sa a wurin masu doguwar bindiga kunnen hagu ne yake fara lalacewa, bahago kuma nasa na dama. Wannan ba tsufa kaɗai ba ne, domin tsufa yakan ci kunnuwan biyu kusan daidai wa daida.

Ana auna ƙarfin ƙara da ma'aunin desibel. Hirar mutum biyu a zaure tana kusa da desibel 60. Hukumar NIOSH ta Amurka, wadda ke binciken lafiyar ma'aikata, ta ɗauki desibel 85 na tsawon awa 8 a matsayin iyakar abin da kunne zai ɗauka a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokacin biyu, domin ma'aunin ba a jere yake hawa kamar tsani ba: ƙarin desibel 10 yana nufin ƙarfin ƙarar ya ninka sau goma. Ga ƙarar da ke fashewa farat ɗaya kuwa, iyakar da aka sa ita ce desibel 140. To, ƙaramar bindiga mai harsashi .22 tana kai wa wajen 140 ɗin, bindigar harbin tsuntsaye mai faɗin baki takan wuce 150, manyan bindigogi kuma suna haura 160. Ma'ana, harbi ɗaya tak ya isa ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Inda ɓarnar take shi ne can ciki, bayan dodon kunne, a wata 'yar gaɓa mai naɗi kamar katantanwa. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu siririn gashi kimanin 16,000 a kowane kunne, su ne suke mayar da girgizar sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai tsanani takan kwantar da su kamar yadda guguwa ke kwantar da gero. Wasu su miƙe bayan kwana ɗaya ko biyu, wasu kuwa sun tafi ke nan, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Wani abin mamaki shi ne tsuntsaye nasu suna sake tsirowa, wato fakarar da kake bi ta fi ka gata ta wannan fuska. Kukan gyaren da kake ji bayan harbi shaida ce cewa an taɓa waɗannan ƙwayoyin, kuma dawowar jinka bayan kwana biyu ba ta nufin komai ya koma yadda yake. Siraran sautuka ne suke fara ɓacewa, irin su "s" da "sh" da "f" da "ts", shi ya sa za ka ji tsohon maharbi yana cewa yana jin magana amma ba ya gane ta, musamman muryar mata da ta yara, ko kuma a cikin hayaniyar kasuwa.

Yanzu ga na'urar. Ka ɗauka ƙoƙuna biyu ne na roba mai tauri, an cika cikinsu da soso, an yi wa bakin kowanne matashi mai laushi da zai manne da fatar kai kewaye da kunne, an haɗa su da wani baka da ke matse su. Waɗannan ƙoƙunan da matashinsu su ne suke tare ƙarar bindiga, ba batir ba. A wajen kowane ƙoƙo akwai ƙaramin makirufo, a ciki kuma ƙaramar sifika. Makirufon yana ɗauko sautin waje, na'urar ta ƙara masa ƙarfi idan mai rauni ne, kamar takun gada a kan busasshen ganye ko raɗar abokin tafiya, ta zuba maka shi a kunne. Da zarar sautin ya wuce wata iyaka, wadda a yawancinsu take wajen desibel 82, sai na'urar ta ƙi wuce da shi, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Wasu sukan yanke sautin ɗungurungum na ɗan lokaci, wasu kuma, waɗanda suka fi tsada, sukan danne shi ne kawai ta yadda maganar mutane ba za ta katse ba. Ka ga ashe ba abu ɗaya ne yake ƙara ji yana rage ji ba, abu biyu ne aka haɗa: katanga da mai gadin ƙofa. Katangar tana tsaye ko da wuta ko babu, shi ya sa idan batir ya mutu kana tsakiyar daji kariyarka ba ta ragu ba, jin motsin ne kawai ka rasa.

A ganina babban amfanin batirin shi ne ya kawar da hujjar da ka kawo, wadda hujja ce ta gaskiya, cewa maharbi ba zai iya farauta da toshasshen kunne ba. Na taɓa sa irin wannan marufin a bayan gari da yamma, na murɗa shi har ƙarshe, sai na ji kukan kurciya daga wata bishiya mai nisa kamar a kafaɗata take, na ji ƙarar yashi a ƙarƙashin takalmina har ta dame ni. Da wani ya tafa hannu da ƙarfi kusa da ni kuwa, sai duniyar ta yi tsit na ɗan lokaci sannan ta dawo. Amma na lura da aibi biyu da ya kamata ka sani. Iska idan tana kaɗawa takan cika makirufon da huci, kuma ko da yake mai makirufo biyu yana nuna maka dama da hagu, bambance gaba da baya yakan yi wuya sai an saba. Saboda haka ka fara sa shi a gida da gona na wasu kwanaki kafin ka dogara da shi a dawa, inda kuskuren gane inda abokinka yake ba ƙaramin abu ba ne.

Idan ka tashi saye, ka duba lambar da ke nuna yawan ƙarar da yake ragewa. Kayan Amurka suna ɗauke da lambar NRR, na Turai kuma SNR tare da shaidar EN 352. Sanannen samfurin nan Howard Leight Impact Sport lambarsa ta NRR 22 ce, yana cin ƙananan batura AAA guda 2, kuma yana kashe kansa bayan awa 4 idan an manta shi a kunne. Walker's Razor kuma 23. Akwai Peltor da Sordin, waɗanda asalinsu daga Suwidin ne, yawancin samfuransu sun fi tsada. Ka lura cewa waɗannan lambobin ba su da yawa, domin an sirance ƙoƙunan don kada su riƙa karo da gindin bindiga. Ko a lissafi mafi sauƙi, idan ka cire 22 daga 160 saura 138, wato kana bakin iyaka, alhali lambar a ɗakin gwaji aka samo ta, inda aka sa marufin daidai a kan wanda ba ya gumi ba ya motsi. Dalilin da ya sa masana ke ba masu harbi shawarar haɗa biyu ke nan: a fara cusa matoshin soso a ramin kunne, wanda mai kyansa lambarsa takan kai 33 kuma kuɗinsa kaɗan ne, sannan a ɗora marufin a kai a ƙara masa murya. Haɗin ba ya tara lambobin biyu, abin da yake ƙarawa wajen desibel 5 ne a kan mafi girmansu, amma a wannan ma'auni 5 ba abin rainawa ba ne. Wanda babu wata lamba ko sunan kamfani a jikinsa, ka bar wa mai shi kayansa, domin jabu ya yi yawa.

Sauran magana ita ce mannewa. Hula, ko rawani, ko ƙafar tabarau mai kauri, duk abin da ya shiga tsakanin matashin da fata ya buɗe wa ƙara ƙofa. Haka nan idan ka kwantar da kunci gindin bindiga ya ɗaga ƙoƙon. Zafin ƙasarmu da gumi suna busar da matashin ya tsattsage, don haka a riƙa goge shi, a canza shi idan ya taurare, a kuma cire batir idan za a ajiye shi har wata kaka. Kai da Baba kuma ku je a auna jinku, ko a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa mafi kusa, ko a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, domin na'urar ƙara ji tana iya taimakon Baba, kai kuma ka san inda ka tsaya.

Tambaya: Malam, maigidana jami'in tsaro ne, kuma sukan je atisayen harbi. Ya sayi abin sauraron waƙa mai tsada wanda aka ce yana kashe hayaniya, ya ce ya wadatar. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwargida, Kaduna.

Amsa: Hajiya, hankalinki ya yi daidai da bai kwanta ba. Abin sauraron waƙa mai kashe hayaniya an yi shi ne don ƙugi mai ɗorewa, irin na injin jirgin sama ko janareta, yana sauraron ƙugin ya fitar da kishiyarsa su kashe juna. Harbi kuwa fashewa ce da take zuwa ta wuce kafin ya yi wani abin kirki, jikinsa kuma ba a gina shi don tare ƙara ba. Ki ce ya duba kwalinsa, idan babu lambar NRR ko SNR, to ba abin kariya ba ne. A filin atisaye ma an fi bukatar haɗa soso da marufi, saboda harbin na kusa da shi ma yana shiga kunnensa, balle idan wurin rufaffe ne bango yana dawo da amo. Ko manyan rundunoni ba su tsira daga wannan ba: kukan kunne shi ne lalurar da aka fi biyan tsofaffin sojojin Amurka diyya a kanta, kuma a 2023 kamfanin 3M ya amince ya biya kimanin dala biliyan 6 don sasanta ƙararrakin sojojin da suka ce wani matoshin kunnensa, wanda ba mai batir ba ne, yakan sassauta a kunne ba tare da mai shi ya sani ba.

Tambaya: Ina cikin 'yan bindigar da ke harba bindigar toka a hawan Sallah. Mu auduga muke cusawa. Ta isa? A bara wani ya harba dab da kunnena, na yi mako ina ji kamar an zuba mini ruwa. Daga wani matashi, Zariya.

Amsa: Samari, auduga ba ta isa ba, saboda iska tana ratsa ta, abin da iska ta ratsa kuwa ƙara ma za ta ratsa. Na san marufi ba zai zauna da kayan hawa ba, amma matoshin soso yana ɓuya a ƙarƙashin hula ko rawani ba mai gani. Ka murza shi da tsabtatattun yatsu ya zama siriri, ka zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja kunnen sama, ka tura shi ciki, ka riƙe na wajen daƙiƙa 30 har ya kumbura ya cika ramin. Idan muryarka ta koma kamar daga cikin tulu take fitowa, ya zauna. Akwai kuma matosai masu batir da ke shiga cikin kunne su yi aikin da na bayyana a sama, sai dai kuɗinsu ya fi yawa. Abin da ya same ka a bara kuwa, idan ya sake faruwa kada ka jira mako. Jin da ya ɗauke farat ɗaya bayan harbi, ko jini, ko jiri, abin zuwa asibiti ne a ranar ko washegari, domin maganin da likita zai iya bayarwa ya fi amfani a kwanakin farko. Kada a ɗiga mai ko ruwan wani ganye a ciki, tun da mai yiwuwa dodon kunnen ya huje. Yaran da ke biye da ku suna kallo kuma a matsar da su nesa da bakin bindiga kafin a ɗana.