Waya ta ce ka iso, amma babu akwati

Kana tambayar me ya sa wayarka ke cewa ka iso inda aka ɓoye akwatin geocaching (wasan neman akwatin da wani ya ɓoye, ta hanyar bin taswirar waya), kusa da wani tsohon kango na cikin kurmi, amma ka duba ka rasa. Wayarka lafiyarta ƙalau. Duhuwar ganye ce ke tare siginar GPS, wadda ke nuna wa waya inda take, sai ta kauce da mita 10, wani lokaci ma fiye. Da ka matso, mayar da wayar aljihu ka bi da ido: kogon bishiya, gindin kututture, ƙirare da aka jera da hannu.

Sai dai kar ka zare duwatsun kangon, kar kuma ka yi tono, domin dokar wasan ta hana binne akwati. Ni ma na taɓa ɓata kusan awa guda ina leƙa ramukan bango, ashe yana rataye a reshe, daidai saitin kaina.