Tambayi Likita: Kumburin da ido ba ya gani

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ya haura shekara 70. An yi masa gwajin jini na CRP aka ce akwai kumburi a jikinsa, alhali babu inda ya kumbura, ko zazzaɓi ba ya yi. Wane irin kumburi ne wannan? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kada a yi saurin ɗora wa tsufa laifi. Tarin fuka, ciwon mafitsara, amosanin gaɓɓai, har ruɓewar dasashi, duk suna ɗaga CRP, wato sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan akwai kumburi a cikin jiki. Sai an duba babu su sannan a koma kan shekaru.

Ga yadda shekaru ke jawo kumburin. Kullum ƙwayoyin halitta kimanin biliyan 300 ke mutuwa a jikin baligi, akasarinsu na jini. Jar ƙwayar jini ma kwana 120 ne wa'adinta. Manyan masu kwashe gawarwakin su ne ƙwayoyin garkuwa da ake kira makurofaj, a saifa da hanta da huhu da sauran sassa. Ƙwayar da ajalinta ya zo ba fashewa take yi ba. Tsukewa take yi, ta saki sinadarin ATP don kiran mai kwasa, sannan ta juyo da wani maiƙo mai suna fosfatidilsarin daga cikin fatarta zuwa waje. Da makurofaj ya taɓa maiƙon sai ya haɗiye ta, ya kuma saki sinadaran IL-10 da TGF-beta masu kwantar da kumburi. Wato kwasar kanta magani ce.

Idan shekaru suka ja, makurofaj yakan yi sanyin jiki, ƙugiyar da yake kamo gawa da ita, MerTK, takan guntule. Gawar da ta jima ba a ɗauke ba sai ta fashe, kayan cikinta su zube, garkuwar jiki ta ɗauka maƙiyi ne ya shigo, ta saki sinadarin IL-6 mai tayar da kumburi. Shi ke sa hanta ta ƙera CRP. Masanin Italiya Claudio Franceschi ya yi bayanin wannan kumburi na tsufa a 2000. Ɓarnarsa ta fi muni a bangon jijiyoyin jini, inda gawarwaki ke taruwa cikin kitse. Ranar da tarin ya tsage jini ya daskare, sai ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Babu ƙwayar maganin da aka amince tana gyara wannan kwasa, masu tallan "wankin jini" kuɗinku kawai za su wanke. Kada kuma a riƙa sayo masa diklofenak ko ibufurofen a kemis, suna cin ciki da ƙodar tsoho. Ya riƙa tattaki minti 150 a mako gwargwadon ƙarfinsa, a kula da sukari da hawan jini da tumbi, a raba shi da hayaƙin sigari da na itace. A maimaita gwajin bayan mako 2. In CRP ɗin ya haura miligiram 10 a lita, a sake neman cuta.