Uwar mijina ta ƙi sunan da muka zaɓa wa 'yarmu: mu canza ko mu tsaya a kansa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malama. Ina da cikin fari wata takwas, kuma hoton asibiti ya nuna mace ce. Ni da maigidana mun daɗe da tsayar da suna, Rumaisa. Da ya gaya wa mahaifiyarsa sai ta ɓata rai, ta ce ita ba ta san wannan suna ba, na 'yan zamani ne, kuma ta sa rai za a mayar da sunan mahaifiyarta da ta rasu bara. Tun daga ranar gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Ƙannensa mata sun shiga maganar, suna cewa ni ce na juya shi. Shi kuma yanzu ya fara cewa "suna ai suna ne, mu bar mata a zauna lafiya." Raina yana son sunan nan ƙwarai, amma ba na son 'yata ta zo duniya ta tarar da gaba. Yaya zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za ki haifa bisa alheri.

Bari mu fara da haƙƙi, don zuciyarki ta kwanta. Raɗa wa yaro suna aikin iyayen da suka haife shi ne. Malaman fiƙihu sun ce idan uwa da uba suka saɓa, maganar uba ce ke rinjaye, amma an so su yi shawara, kuma Alƙur'ani ya kawo cewa mahaifiyar Nana Maryamu ce da bakinta ta raɗa mata suna, a aya ta 36 ta Suratu Ali Imrana. Kaka tana da girma, tana da haƙƙin a saurare ta a kuma kyautata mata, sai dai hukuncin ba a hannunta yake ba. A dokokin ƙasashe ma iyaye ne ke rajistar sunan, kuma Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989, a sashe na 7, ta lissafa suna cikin abubuwan da yaro ya cancanta tun daga haihuwa. Wato suna kayan yaron ne, iyaye amana aka ba su su zaɓa masa.

Saboda amana ce, dole ki buɗe kunne idan wani ya yi ƙorafi, ko da ya faɗe shi da zafi. Akwai ƙorafin da ya shafi yaron kansa: sunan yana da mummunar ma'ana, ko zai ja masa tsokana a makaranta, ko ba wanda zai iya furta shi, ko yana tuna wa dangi wani mutum da ya cutar da su. Irin wannan ba a yi masa kunnen uwar shegu. Annabi (SAW) ya canza wa mutane suna saboda ma'ana. 'Yar Sayyidina Umar da ake kira da sunan da ke nufin mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. A Faransa, inda dokar 1993 ta sakar wa iyaye mara su zaɓi sunan da suke so, wata kotu ta hana a sa wa jaririya Nutella, sunan wani cakulan da ake shafa wa burodi, ta mayar da sunan Ella, don kada yarinyar ta tashi cikin ba'a. Ma'aunin ɗaya ne ko'ina: shin wannan suna zai zame wa yaron kaya idan ya girma? Ki kwatanta shi a bakin malamin aji yana kiran rajista, ki kwatanta shi a kan takardar neman aiki, ki kwatanta shi a kan tsohuwa mai jikoki. Rumaisa ya tsallake duka. Kuma tsohon suna ne, da shi ake kiran Ummu Sulaim, mahaifiyar Anas bin Malik, wanda ya yi wa Annabi hidima shekara goma. Cewar na 'yan zamani ne, rashin sabo ne kawai.

To idan sunan ba shi da aibu, me ya ɓata wa Mama rai haka? Ke da kanki kin faɗa a cikin tambayarki, ina jin ba ki tsaya a kansa ba ne: mahaifiyarta ta rasu bara. Wannan mata ce da ke cikin jimamin uwa. Tun da ta ji kina da ciki, mai yiwuwa ta fara ƙulla wani abu a ranta, cewa sunan da ta daina jin ana kira zai dawo cikin gidan, za ta ɗauki jaririya ta kira ta da shi. Ba ta gaya wa kowa ba, domin a ganinta abu ne da ɗanta zai yi ba sai an roƙe shi ba. Sai ga shi ya zo mata da magana an riga an gama, suna ma wanda ba ta taɓa ji ba. Abin da ta ji a ranar shi ne an manta da uwarta, ita ma an ajiye ta gefe. Manya ba kasafai suke cewa "kun ji mini ciwo" ba, sun fi cewa "sunan bai yi ba." Idan kuka tsaya kuna kawo mata hujjar asalin sunan da tarihinsa, za ku iya cin gardama, ciwon kuma yana nan inda yake. Ina roƙonki ki riƙe wannan a zuciya duk lokacin da kika ga ta ɗaure fuska, zai rage miki jin zafinta.

Yanzu ga maganar da ta fi tsaya mini a rai cikin duk abin da kika rubuto: ta maigidanki. "Mu bar mata a zauna lafiya." Ba na ganin laifinsa, mutum ne da aka sa a tsakiya, uwa a dama, mata a hagu. Amma kafin wani ya sake buɗe baki a gaban dangi, ku biyun ku zauna. Ki zaɓi lokacin da ya huta, kada ki fara da ƙorafin 'yan'uwansa, ki tambaye shi abu ɗaya: "Har zuciyarka kana son a sa sunan Kaka, ko kuwa gudun ɓacin ran Mama ne?" Amsar tana da muhimmanci. Idan ya ce shi ma yana ƙaunar kakarsa, mutuwarta ta taɓa shi, yana son 'yarsa ta ci sunanta, to wannan ra'ayin uba ne, kuma yana da nauyi daidai da naki, a fiƙihu ma ya fi. Sai ku tattauna a matsayin iyaye. Idan kuwa tsoro ne kawai, ki nuna masa a hankali cewa zaman lafiyar da aka saya da tsoro ba ya daɗewa. Bayan suna akwai shayarwa, akwai yaye, akwai makaranta, kowanne da ra'ayin dangi a kai. Yadda kuka warware wannan na farko, shi zai koya wa kowa yadda za a riƙa shiga sha'anin gidanku.

Wannan rigima tsohuwa ce. Linjilar Luka ta ba da labarin haihuwar Annabi Yahaya: a rana ta takwas dangi da maƙwabta suka taru, suka so a sa masa Zakariya, sunan mahaifinsa. Uwar ta ce a'a, Yahaya. Suka ce mata ai ba wani mai wannan suna a danginku, daidai irin abin da aka ce miki. Sai suka juya ga uban, wanda a lokacin ba ya iya magana, ya nemi allo ya rubuta cewa sunansa Yahaya. A nan maganar ta mutu. Abin da ya kashe ta, bakin uba da na uwa ya zo ɗaya. Muddin dangi suna ganin akwai ɓaraka tsakaninku, za su ci gaba da turawa ta wurin, kuma zargin "ita ta juya shi" zai ci gaba da samun gindin zama.

Idan kun tsaya a kan Rumaisa, shi zai je wurin mahaifiyarsa, shi kaɗai, ba ta waya ba, ba kuma a gaban ƙannensa ba. Ke ki tsame kanki daga wannan zama. Abin da uwa za ta haɗiye daga bakin ɗanta, daga bakin suruka yakan tsaya mata a wuya shekara da shekaru. Ya zauna kusa da ita, ya fara da Kaka kafin ya ambaci suna. Ya ce wani abu kamar haka: "Mama, na yi kuskure da na kawo miki magana a ƙulle ban fara jin ta bakinki ba, ki yafe mini. Na san abin da Kaka take a wurinki, ni ma ban manta da ita ba. Sunan nan ni na zaɓe shi tare da matata, kuma raina ya kwanta da shi. Albarkarki nake nema a kansa." Daga nan ya yi shiru. Idan ta yi kuka ya bar ta ta yi, idan ta yi faɗa ya sunkuyar da kai ya saurara, kada ya kare kansa, kada kuma ya ce "bari mu sake tunani" alhali ba sake tunanin zai yi ba. Wannan kalma ita ke sa a yi ta jan magana har ranar haihuwa. Kuma kada ya taɓa cewa "ita ce ta nace." Jimla ɗaya irin wannan ta isa ta ɓata tsakaninki da surukarki har abada.

Akwai hanyoyin tsakiya, kuma ban raina su ba. Ana iya haɗa suna biyu a takardar haihuwa, na Kaka da naku, ku riƙa kiran wanda kuka zaɓa. Yara da yawa a duniya haka suke, ba abin da ya rage su. Ana iya barin Mama ta sa wa jikarta sunan da ita za ta riƙa kiran ta da shi, ya zama wani abu tsakaninsu su biyu. Ana iya yin wata sadaka da sunan marigayiyar albarkacin haihuwar, a sanar da Mama, ta ga an tuna da uwarta a aikace. Wanda nake jan kunne a kansa shi ne alƙawarin "ta gaba za mu sa mata." Kada ku faɗa sai kun yi niyya da gaske, domin ba za ta manta ba, kuma saɓa shi ya fi ƙin farko ciwo.

Ƙannensa kuwa, kada ki ba su amsa a waya ko a zauren WhatsApp na dangi. Duk wadda ta tare ki, ki ce "maganar tana hannun yayanku da Mama," ki canza hira. Fushinsu aro ne, ranar da Mama ta sauko su ma za su sauko.

Ga masu karatu da ba su kai nan ba: suna kafin haihuwa kowa yana ganin yana da ta cewa a kansa, domin babu fuskar da ke ɗauke da shi tukuna. Idan kun san danginku masu yawan ra'ayi ne, ko dai ku nemi shawararsu da gaske tun kafin ku tsayar, ko ku riƙe sunan a cikinku sai an sauka.

Abin da zai ƙara miki natsuwa, ƙin suna ba ya cika daɗewa bayan an haihu. Masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc ya nuna tun 1968 cewa yawan cin karo da abu, ko da kalma ce da mutum bai san ma'anarta ba, yana sa ya fara jin daɗinta. A nan kuma kalmar za ta zo manne da jika mai ɗumi a kan cinya. Bincike a kan jarirai ya nuna tun suna wata huɗu da rabi suke bambance sunansu da sauran sunaye. Nan da 'yan watanni yarinyar za ta fara waiwayowa idan an kira ta, kuma kakar da ke son a waiwayo gare ta za ta koyi furta sunan. Idan ta ƙi, ta ci gaba da kiran ta da sunan mahaifiyarta, ki bar ta. Yaro yana iya amsa suna biyu ba tare da ya rikice ba. Inda za ku sa baki shi ne idan ana kushe sunan a gaban yarinyar bayan ta fara wayo, ko ana ce mata uwarta ce ta hana ta sunan kirki. Wannan uban ne zai tsawatar, cikin ladabi, tun karon farko.

Saura abu ɗaya. Zai yiwu bayan kin yi tunani, ki ga hawayen matar nan, ki ji a ranki kina son ki ba ta wannan kyauta. Idan haka ta faru, ba faɗuwa kika yi ba, kuma kada ki bari ƙawaye su sa ki ji kamar an ci ki da yaƙi. Sharaɗin kawai, ki gwada kanki tukuna. Ki shiga ɗaki ke kaɗai, ki ɗora hannu a cikinki, ki kira sunan Kakar da murya, kamar yadda za ki kira shi da tsakar dare kina rarrashi, kamar yadda za ki kira shi kina faɗa. Ke ce za ki fi kowa furta shi a duniya. Idan ya fito da sauƙi, ki ba da shi da hannu biyu, ki kuma je da kanki ki yi wa Mama albishir. Idan kin ji ɗaci yana taso miki a maƙogwaro, ki gaya wa mijinki gaskiya tun yanzu, kafin a rubuta komai a takardar haihuwa, domin canza suna bayan rajista yana da matakai a hukumance, kuma a idon dangi zai zama sabuwar rigima.