Na cike fom ɗin bincike ban je ƙauyukan ba, mene ne hukuncin kuɗin da aka biya ni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni matashi ne daga Anka, na gama digiri, na yi hidimar ƙasa, aiki bai samu ba. Bayan damina aka ɗauke mu aikin wucin gadi na tattara bayanai, a wani bincike da wata jami'a ke yi da tallafin wata ƙungiya ta ƙasar waje. Muna tambayar magidanta abin da suke samu da abin da suke kashewa, ko suna da asusun banki, yara nawa ke zuwa makaranta, sannan mu auna damtsen yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A takarda muke cikewa. An ba ni ƙauyuka takwas, na je biyar. Ukun da suka rage hanyarsu ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Sai na nemo mutanen waɗannan ƙauyuka da suka yi gudun hijira zuwa cikin gari, na yi musu tambayoyin, na rubuta kamar a can na same su. Awon yara kuma na kimanta shi da na ƙauyukan da na je. An biya ni duka har da kuɗin mota, kuma mafi yawansu sun tafi a maganin mahaifiyata. Wani abokina mai karatun addini ya ce ba komai, kuɗin Turawa ne, yaƙi kuma ɗan zamba ne, har ya ce Imamu Abu Hanifa ya halatta irin wannan. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah Ya ba mahaifiyarka lafiya mai ɗorewa, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Ɗana, ƙin zuwanka waɗannan ƙauyuka daidai ne, babu malamin da zai ce ka kai kanka hannun ɓarayin daji saboda fom. Haramcin ƙarya kuma ba sai na karanto maka hujja ba, da ba ka san shi ba da ba ka rubuto ba. Ka yi tambaya a kan kuɗi, ni kuwa abin da ya tsayar da ni a wasiƙarka jimla ɗaya ce, wadda ka wuce ta da sauri: awon yara na kimanta shi. A nan hukuncin ya rabu biyu, domin abubuwa biyu ka aikata, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Hirar da ka yi da 'yan gudun hijira magana ce ta gaskiya, daga bakin mutane na gaskiya, wurin ne kawai ka sauya. Malaman hadisi sun san irin wannan, suna kiransa tadlisi: mai ruwaya ya ji maganar, amma ya lulluɓe inda ya ji ta domin a ɗauka ya yi doguwar tafiya. Aibi ne, sai dai yana gyaruwa da bayani. Shi kuwa awon damtse, ba ka riƙe hannun yaron ba, ba ka naɗa masa tef ba, ka zauna ka rubuta lamba. Wannan ƙirƙira ce, kuma shaida ce a kan abin da ido bai gani ba. Bayani ba ya gyara ta, sai dai a goge.

Ka fi ni sanin tef ɗin nan. Ana naɗa shi a tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, a duba inda ya tsaya: kore, rawaya ko ja. Idan ya gaza santimita 11.5 ya shiga ja, yaron na cikin tamowa mai tsanani. Da ƙidayar waɗannan jajayen ake sanin inda za a buɗe cibiyar kula da tamowa, da inda za a aika katan-katan na abincin gyaɗan nan na leda. To ka duba abin da kimantawarka ta yi. Ƙauyen da mota ke shiga, ana cin kasuwa, ana zuwa gona, shi ka ɗauki awonsa ka liƙa wa ƙauyen da aka hana noma, ko aka ɗora wa haraji kafin a bar shi ya yi girbi. Ka sa waɗanda suka fi kowa yunwa sun fito a takarda da ƙoshin da ba nasu ba. Wanda zai raba tallafi yana Gusau ko Abuja, bai san su ba, takardarka kaɗai ya sani.

Kai ɗan Anka ne, ba sai an ba ka labarin gubar dalma ba. A 2010 yara suka riƙa suma da farfaɗiya suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana yi musu maganin zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau ba sa tashi. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka fara lura. Da masu bincike suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu, suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Aka gano dalmar tana cikin ƙurar dutsen zinariya ne da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 aka rasa, ƙauyen Bagega ma sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Da waɗanda suka yi wannan ƙidaya sun zauna a gari sun kimanta da makwabtan ƙauyuka, da ba su ga komai ba, domin masifar tana inda ta bambanta da makwabta ne.

Kuma ba a matse ka ba kamar yadda ka zata. Masu bincike suna da hanyar da suke bi idan wuri bai shigu ba: a rubuta ba a samu shiga ba, a musanya da wani, ko a bayyana giɓin a rahoto. Babban binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya zaɓi wurare 1,400, aka bar 11 saboda rashin tsaro, huɗu daga ciki a Zamfara, aka kuma rubuta hakan ɓaro-ɓaro, binciken bai rushe ba. Giɓin da aka san da shi ana iya lissafi da shi. Wanda aka cike da ƙarya kuwa babu mai neman gyara shi, tunda ba a san yana nan ba.

Yanzu maganar abokinka, kuma zan ɗan daɗe a kanta domin ta yaɗu a bakin matasa, ba a aikin bincike kaɗai ba.

Hadisin da ya ce yaƙi yaudara ne ingantacce ne. Amma wane yaƙi kake yi, da wa? Rangwamen na fagen fama ne, tsakanin rundunoni biyu da kowace ta san ɗayar na neman ta. Kai kuwa hannu ka sa a takardar ɗaukar aiki, aka amince maka, aka ba ka fom. Malamai sun bambanta dabarar yaƙi da ha'incin wanda ya amince da kai, na biyun haramun ne ko ana tsakiyar yaƙi. Muslim ya ruwaito cewa Ƙuraishawa sun tare Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa a hanya, ba su sake su ba sai da suka yi alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi (SAW) ba. Suka zo suka faɗa masa, ana shirin Badar, Musulmi 300 da 'yan kai, ana bukatar kowane takobi. Ya ce su koma, za a cika wa mushirikai alkawarinsu, a nemi taimakon Allah a kansu. Mugira ɗan Shu'uba kuma, kafin ya musulunta, ya yi tafiya da wasu mutane ya kashe su ya kwashe dukiyarsu, sannan ya zo Madina. Annabi (SAW) ya karɓi musuluncinsa, ya ce dukiyar kuwa babu ruwansa da ita. Wannan yana cikin Buhari. Daren hijira ma Sayyidina Ali aka bari a Makka domin ya mayar da ajiyar mutanen da suka kewaye gidan da takubba. Ita kanta jimlar “ai dukiyarsu ce, ba laifi”, Alƙur'ani ya kawo ta a Suratu Ali Imrana aya ta 75 daga bakin wasu Ma'abota Littafi da ke cin amanar Larabawa, ya kuma ce ƙarya suke yi wa Allah suna sane. Abin mamaki ne Musulmi ya ɗauki maganar da aka zargi wasu da ita ya mayar da ita hujjarsa.

Abin da aka jingina wa Imamu Abu Hanifa yana da asali, amma an yanke masa kai da ƙafa. Shi da ɗalibinsa Muhammadu ɗan Hasan sun ce Musulmin da ya shiga ƙasar da ake yaƙi da ita yana iya karɓar dukiyar mutanenta ta cinikin da bai inganta a tsakanin Musulmi ba, da sharaɗin sun bayar da yardarsu kuma babu ha'inci. Babban ɗalibinsa Abu Yusuf bai yarda da wannan ba, haka mafi yawan malamai. A ce ma mun bi shi, ina sharuɗɗan a mas'alarka? Kana Zamfara ne, ba ƙasar yaƙi ba. Mutanen sun shigo da izinin hukuma, kuma wanda ya shigo ƙasar Musulmi da aminci, a mazhabar Abu Hanifa kanta dukiyarsa tana da alfarma. Yarda kuma babu ita, domin sun biya ne a kan ka je ka auna. Sannan wa ya gaya wa abokinka kuɗin na Turawa ne zalla? Jami'ar tamu ce, malaman da za su sa sunansu a sakamakon 'yan ƙasa ne, wanda zai rubuta kundin digirinsa da waɗannan lambobi wataƙila ɗan unguwarku ne. Ko da kowace naira daga Ingila ta fito, wanda ya bayar ba zai kwana da yunwa saboda fom ɗinka ba. Yaran ƙauyuka ukun nan ne za su kwana da ita, kuma 'ya'yan Musulmi ne. Idan kuma abokin naka yana ganin binciken makirci ne, hanya a buɗe take: ya ƙi aikin, ya gargaɗi mutane a fili. Ya karɓi alawus sannan ya ce jihadi yake yi, wannan ba fiƙihu ba ne. Ka gaya masa da lalama, ina kyautata zaton ji ya yi bai bincika ba.

Hukuncin kuɗin mai sauƙi ne. Ladan ƙauyuka biyar halas ne tsarkakakke. Kuɗin motar ƙauyukan da ba ka je ba, a mayar. Ladan hirar 'yan gudun hijira yana hannun masu aikin: ka gaya musu yadda ka yi, idan sun karɓa a haka ya halatta, kuma mai yiwuwa su so shi, domin halin wanda ya baro gonarsa abin sani ne, in dai an rubuta shi da sunansa. Ladan awon da ba ka yi ba, ba ka da haƙƙi a ciki. Abin da ka kashe bashi ne a wuyanka, ka biya a hankali ko su yafe ko ka fanshe da wani aikin. Mahaifiyarka ba ta sha haram ba, kada ka ɗaga mata hankali da wannan zance. Kada kuma ka yi sadaka da kuɗin a madadin mayarwa, wannan ƙofa ta wanda bai san mai haƙƙi ba ce, kai kuwa lambar wayarsu na wayarka.

Gyaran takardun ya fi mayar da kuɗin gaggawa. Kuɗi na iya jiran wata shida, amma da zarar an shigar da lambobin kwamfuta an haɗa da na sauran, an buga rahoto, fitar da su ya yi wuya. Ka rubuta wa shugaban tawagarku yau, ka lissafa lambobin fom ɗin da abin ya shafa, ka raba na hira da na awo. Ba a ce ka tona kanka a dandali ba, iya masu haƙƙi. Idan ya ce ka bar zancen, kowa haka yake yi, yafewarsa ba ta isar maka ba domin wakili ne, ba mai abu ba, sai ka kai ga babban malamin da ke jagorantar binciken. Na san abin da kake tsoro, kada a cire sunanka a aiki na gaba, kuma ba zan ce maka hakan ba zai faru ba. Sai dai mai binciken da ya san aikinsa yana neman wanda zai iya ce masa “ban je ba”, kuma irinsu ba su da yawa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, ya kuma fi damuna. Takardun da ke hannunka suna ɗauke da sunan magidanci, yawan shanunsa, abin da ya samu a kaka, ko ɗansa na turo masa kuɗi daga birni. A yankin da infoma ke sayar da maƙwabcinsa, wannan jerin sunayen waɗanda za a ɗauka ne. Kada ka bar su a majalisa, kada ka ɗauki hotonsu a waya, kada ka ba da labarin gidan wani ko da wasa. Amana ce da za ta iya cin rai. Haka nan kada ka ce wa mutane “ku amsa, za a kawo muku tallafi” alhali ba a ce maka za a kawo ba. Masu irin aikinku da yawa da wannan suke buɗe ƙofa, shi ya sa yanzu talaka ke ƙara wa talaucinsa gishiri duk lokacin da ya ga mai fom. Ka faɗi abin da binciken yake, wanda ya ƙi amsawa ka ƙyale shi. Wannan gargaɗi ya shafi ɗalibanmu na jami'a da ke raba wa abokan ɗaki fom ɗari su cike da biro kala-kala, da malaman da ke gani su kau da kai.

'Yan gudun hijirar da ka yi hira da su, da yawansu da yaransu suka zo, kuma suna cikin garinku. Idan tef ɗin na wurinka, ka koma ka auna su da gaske, da izinin iyayensu da sanin masu aikin. Duk wanda ya faɗa ja, kada ka tsaya a rubutawa, ka nuna wa uwarsa asibitin da ake karɓar masu tamowa, in da hali ka raka ta a ranar.

Wallahu a'alam.